Neman shawara: 'yata za ta cika shekara 10, har yanzu ɗaki ɗaya suke kwana da yayanta

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu zama a Ingila ku taimaka min, kwana uku ke nan barci ya ƙaurace min. Na zo ƙasar nan a 2022 da bizar aikin kula da tsofaffi, Abban yara da yaran suka biyo ni daga baya. Wata bakwai muka yi a ɗaki ɗaya a gidan wata 'yar garinmu, ba irin gorin da ban sha ba, har tukunyata sai na jira ta gama girki nake ɗorawa. Sai da na sayar da sarƙar da na zo da ita daga Kano muka haɗa kuɗin kama wannan gidan, ɗaki biyu da falo. Sadiq shekararsa 11, Hanifa za ta cika 10 wata mai zuwa, ƙaramar shekara 3 tana ɗakinmu. Su biyun ɗaki ɗaya suke, gado mai hawa biyu, shi sama ita ƙasa. To ranar Litinin wata abokiyar aikina ta ce doka ta hana mace da namiji kwana ɗaki ɗaya da zarar sun kai 10, wai idan makaranta ta ji za a turo min 'yan soshal, wato ma'aikatan gwamnati masu kula da walwalar yara. Da gaske ne? Za a iya karɓe min yara a kan wannan?

Hajiya Uwa: Wa alaikumus salam. 'Yata, shekarata 19 a ƙasar nan, ki saurare ni. Kafin dokar Bature akwai ta addini. Hadisi na nan a Abu Dawud: a umurci yara da salla suna shekara bakwai, idan sun kai goma a raba musu makwanci. Wannan ya kamata ya hana ki barci. Gobe da safe ki je kansil, wato ƙaramar hukuma, ki rubuta suna a ba ki gida mai ɗaki uku, haƙƙinki ne.

Anti Bilki: Hajiya, ki yi haƙuri, a nan akwai gyara. Bizar da take kai tana ɗauke da sharaɗin ba a taɓa tallafin gwamnati, kuma gidan kansil yana cikin abin da aka hana. Maman Sadiq, ki duba bizarki za ki ga an rubuta. Game da dokar kuma, abokiyar aikinki rabi ta ji. Dokar gidaje ce ta 1985, a kan cunkoso take magana, ba ruwanta da karɓe yara. Ta ce gida ya yi cunkoso idan ya zama dole mace da namiji da suka kai 10, waɗanda ba ma'aurata ba, su kwana ɗaki ɗaya. Amma falo ma ɗakin kwana ne a lissafinsu. Sannan ana ƙirga mutane: ɗaki uku na ɗaukar mutum 5, yaro ƙasa da 10 rabin mutum ne, jariri ƙasa da shekara ɗaya ba a ƙirga shi. Ku huɗu da rabi ne ko bayan Hanifa ta cika 10, sai dai idan ɗakunan ƙanana ne sosai, don ana duba faɗinsu ma. Ki mayar da Sadiq falo, shi ke nan.

Maman Sadiq: Na gode Anti. Falon ne ba zai yiwu ba, ƙanin Abbansu yana kwana a ciki.

Anti Bilki: Ikon Allah! Ai ba ki faɗi wannan ba. Da shi kun zama 5 cif yanzu, ranar da Hanifa ta cika 10 ku zama biyar da rabi. Sunansa na cikin takardar haya? Mai gidan ya san da shi?

Maman Sadiq: Karatu ya zo yi, saura wata takwas ya gama. Ina zai je? Shi yake kai yaran makaranta idan na yi aikin dare. Kuma surukata ce da bakinta ta damƙa min amanarsa, da wane ido zan kalle ta?

Maman 'Yan Biyu: Hmm, ni dai maganar kansil kar ma a fara. Ina da takardar zama ta dindindin, shekara huɗu ina kan layi, mu shida a ɗaki biyu, bango duk ya yi baƙi don damshi, ƙaramin kullum cikin tari. Da na je ƙorafi cewa aka yi maza biyu za su iya haɗa ɗaki har su kai 16. Mai gidan ko waya ba ya ɗagawa. Wallahi wani lokaci ji nake gara Gusau.

Hajiya Uwa: Bilki, ni na samu gidana a kansil, ba labari aka ba ni ba. Ke kuma Maman Sadiq, ga namiji baligi a falo, ga 'yarki tana tasowa, kina maganar makaranta? A gida ba haka aka raine mu ba. Yaro na fara girma ake kai shi ɗakin soro wurin samari. Ki haɗa Sadiq da baffansa a falo, 'yan matan biyu su riƙe ɗakin.

Ummu Yasir: Hajiya, malaminmu ya ce makwanci hadisin ya ambata, wato shimfiɗa. Kowa da gadonsa ai an raba. Ni labule mai kauri na sa a tsakiyar ɗakin nawa yaran, kowa ya canja kaya a banɗaki. Mu da muka tashi mu tara a ɗakin Innarmu fa?

Maman Sadiq: Ƙanin Abbansu karatu yake har ƙarfe biyu na dare da fitila a kunne, Sadiq kuma yana tashi shida da rabi. Na gwada sau ɗaya, washegari malamarsu ta ce yana gyangyaɗi a aji. Kuma don Allah a daina magana kamar ban san tarbiyya ba. Ƙanin mijin nan nawa a gabana ya girma, ɗan kirki ne.

Anti Bilki: Ba wanda ya zarge shi. Ki kira Shelter, ƙungiyar taimako kan matsalar gidaje, ko ki shiga ofishin ba da shawara na Citizens Advice da takardar hayarki a hannu, kyauta ne. Ni abin da nake ji miki shi ne mai gidan ya gano akwai wanda ba ya cikin takarda.

Hajiya Uwa: Ki kai kanki da ƙafarki ki tona wa kanki asiri? Kar ki je ko'ina. Ki raba su a daren yau kawai.

Maman Sadiq: Hajiya, ɗazu kin ce in je kansil, yanzu kin ce kar in je ko'ina. Zan yi magana da Abbansu idan ya dawo, amma na san ba zai yarda a taɓa maganar ƙaninsa ba. Ummu Yasir, labulen nan da me kika rataye shi? Gidanmu an hana huda bango.