"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga": bangon ake zargi ko ƙadangaren?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya a huɗuba limaminmu ya taɓo batun shugabanci, ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bai ƙara komai a kai ba. Muna fitowa gardama ta kaure tsakanina da ƙanin mai ɗakina. Shi a ganinsa liman ya wanke sojojin da suka karɓe mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar, tunda 'yan siyasa ne suka buɗe musu ƙofa. Na ce masa wanda aka kira ƙadangare ai ba kirari aka yi masa ba. Har aka kira la'asar ba mu daidaita ba. Abin ya tsaya mini a rai ne don kwanakin nan ina yawan mafarkin ina layin zaɓe, in na dangwala sai yatsan ya ƙi kama tawada, can kuma sai in ji badujala daga rediyo irin ta safiyar 31 ga Disamba 1983 da aka kifar da Shagari. Ina yaro lokacin, amma fuskar mahaifina a ranar ba ta ɓace mini ba. To, wa karin maganar ke zargi?

Malam Na-Zaure:
Wa alaikumus salam. Baban Khalifa, kafin mu je ga bango, mummunan mafarki ba a baza shi a bainar jama'a. Abin da aka koya mana shi ne ka yi tofi sau uku ta hagu, ka nemi tsari daga Shaiɗan, ka juya kwanciya, ba zai cutar da kai ba in Allah ya so. Ita kuma maganar, iyayenmu a kan gida suke yin ta: 'yan'uwa sun ɓata, magulmaci ya samu kafa. Gargaɗi ne ga masu gida.

Baban Khalifa:
Na karɓa Malam, Allah ya saka da alheri. Damuwa ce ta yi yawa.

Direban Jibiya:
Ɗan majalisarmu ne ya tsaga bangon da gatari, kuma shi aka ba kwangilar yaɓe. 😂

Maman Ihsan:
Kai Direba, Allah ya shirye ka. Namu kuma ya sauya sheƙa har yaran da ke liƙa masa fasta sun gaji da kankare ta jiya. Amma ni ina bayan ƙanin matarka, Baban Khalifa. A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba. Ni da kaina na ga mata a unguwarmu suna karɓar taliya da turmin atamfa da asuba. Wannan bangon ko ba ƙadangare, ruwan sama ɗaya ya ishe shi.

Ɗan Tasawa:
Ku ba ni dama in faɗi yadda kakata, Allah ya jiƙanta, take amfani da wannan maganar, don ita ta ga abin da idonta. A ƙauyenmu na ƙasar Tasawa a Nijar farin 1973 ya same ta da goyo da yara uku. Shanu suka ƙare, rumbu ya koma wurin kwanan kaji. Mata na fita tun duku-duku suna tona gidan tururuwa su sami tsabar da za a dama wa yara, wasu na tsinkar anza. Ana ta jin labarin hatsin agaji ya iso Yamai, amma ƙauye shiru, sai dai ka gan shi a kasuwa ana aunawa da tsada.

A cikin wannan hali ta yi mafarkin da ba ta manta ba har ta koma ga Allah. Ta ga kanta tana daka a tsakar gida, duk abin da ta zuba a turmi sai ya koma rairayi, ga wasu maza marasa fuska sun zauna a zaure suna auna rairayin da tiya suna rubutawa. Ta farka jikinta na rawa. Ba ta gaya wa kakanmu ba, sai uwar mijinta, ita kuma ta ce a yi sadaka. Aka duba gidan kaf babu abin sadaka, sai 'yar anzar da aka jiƙa, ita aka ɗiba aka ba almajiri.

Ba a daɗe ba, ranar 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya kifar da shugaban Nijar Diori Hamani, har matar Diori, Aissa, ta rasa ranta a daren. Kaka ta ce wallahi ta yi guɗa, musamman da hatsi ya fara isowa ƙauyuka a motocin soja. Ba ta taɓa musun cewa yaranta sun rayu da wannan hatsin ba. Amma ta ce bayan shekara biyu uku, ko a bakin rijiya mata sun daina hirar gwamnati, in za ka ambaci sunan shugaba sai ka waiga. Babu majalisa, babu jam'iyya, haka har Kountché ya rasu a 1987. Wani ɗan ƙaninta da ke koyarwa ya yi magana a kan albashi, aka zo da dare aka tafi da shi, sai bayan watanni ya dawo ba ya son ko a tambaye shi.

To in aka kawo wannan karin magana a gabanta sai ta ce, "Gaskiya ne ɗan nan, amma ka taɓa ganin ƙadangaren da ya shiga ya yi yaɓe?" Da aka yi juyin mulkin Baré a 1996, bayan shugaban ƙasa da firaminista sun kasa zama inuwa ɗaya, tana kwance ba lafiya, na kai mata labari. Ta ce mafarkin nata ne bai gama fassaruwa ba. Na tambaye ta su waye marasa fuskar, masu kaki ne ko masu babbar riga. Ta ce ai shi ya sa ba su da fuska.

'Yar Damagaram:
Allah ya jiƙan Kaka, Yaya. Tawa kakar ta fi yawan maganar yunwar 1984, wadda mutanenmu suka sa wa suna El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi a lokacin. Shi ya sa da aka sake rufe iyaka aka yanke mana wuta bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, tsofaffi suka ce sun san wannan hanyar. Kuma wannan karon da sunan kare dimokuraɗiyya aka yi mana. Ku faɗa mini, a nan waye ƙadangaren?

Direban Jibiya:
Wannan kam ni ganau ne. Motoci suka yi layi, albasa ta ruɓe, sai a Fabrairun 2024 aka sassauta. Masu sa hannu a takarda ko miyarsu ba ta canza ba.

Bakanon Dabo:
Ina girmama labarin Kaka, amma kada mu mayar da karin magana lasisin juyin mulki. Bango na tsagewa a gyara shi ba tare da bindiga ba. A 2006 an so a yi tazarce a Najeriya, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi, aka wuce wurin. A Nijar kuwa 2009 aka rusa majalisa da kotun tsarin mulki don tazarce, watan Fabrairun 2010 soja suka shigo. Bambancin shi ne a wuri ɗaya an sami masu cewa a'a kuma aka ji su. Abin da ke hana ni barci yau shi ne masu cewa a'ar suna ƙarewa. Kowa na tururuwa zuwa jam'iyya mai ci, zaɓen ƙananan hukumomi kuwa jam'iyyar gwamna ke lashewa kaf kusan ko'ina, kowace jam'iyya ce.

Maman Ihsan:
To ai ka dawo kan maganata, Bakano. Bangon ne.

Bakanon Dabo:
A'a Hajiya, ni cewa na yi masu gida. Bango ba ya tsaga kansa.

Malam Na-Zaure:
Ku dai yi hattara, kuna ta ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Ni a kan kishiyoyi na fara jin ta.

Direban Jibiya:
Malam ai siyasar ma kishi ce, sai dai su uwargida da amarya kansu haɗe yake ranar rabon kuɗin mazaɓu. 😂

Wani Bako:
Ni ɗan 2001 ne, ban taɓa ganin mulkin soja a Najeriya ba. Abokaina da yawa na sa hoton masu kaki a waya suna cewa gara su. Labarin Kaka ya sa jikina ya yi sanyi, amma in gaya muku gaskiya, na gama karatu ba aiki, ban san me zan kare ba in an ce in kare dimokuraɗiyya. Ba gatse nake ba, tambaya nake.

Baban Khalifa:
Ɗana, abin da zan iya ce maka shi ne yanzu kana rubuta wannan da hannunka ba ka waiga ba. Ban ce ya isa ba. Ƙanin mai ɗakina ma yana karanta mu, ya turo mini saƙo wai har yanzu shi ke da gaskiya.

Maman Ihsan:
Ɗan Tasawa, anzar nan ita ce wadda muke ce wa dilo? Kakarmu na cewa sai an kwana ana jiƙa ta ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita.

Ɗan Tasawa:
Ita ce Hajiya, 'ya'yan ne dilo. Kwanaki ake yi ana canza ruwa, wasu har da toka. A kasuwannin wajenmu har gobe ana samunta in shekara ta yi wuya.

'Yar Damagaram:
Mu da ƙuli-ƙuli ake kwaɗa mana ita. Yaya, ku a Tasawa da me kuke ci?