Abin da Aka Tattauna Kan Dannau da Minshari

Maganar dannau ce ta fi ɗaukar lokaci a wani zaman tattaunawa da muka yi kan barci. Likitan da ke cikinmu ya bayyana cewa barcin mafarki yana zuwa ne bayan kamar minti 90 da fara barci. A lokacin idanu na motsi da sauri, ƙwaƙwalwa kuma tana kulle gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake mafarki. Idan aka farka kafin kullin ya saki, shi ne dannau. Yana da ban tsoro, amma yakan wuce cikin daƙiƙu ko 'yan mintoci. Shawara: a rage kwanciyar rigingine, a samu barcin awa 7 ko fiye.

Abin da ya fi damuna shi ne minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikinsa, domin yana da alaƙa da hawan jini. Wannan kam sai asibiti.