Ƙananan aikin kodin da AI a kan laftof ɗina, na maƙale

Salam 'yan uwa, don Allah ku taimaka. Ina Samaru, ina ɗan rubuta wa masu shaguna manhajar lissafin kaya da Python. Kuɗin data ya ishe ni, ga network ɗin unguwarmu sai a hankali, shi ne na sa Ollama (manhajar da ke tafiyar da AI a kan kwamfuta ba tare da intanet ba) a laftof ɗina na sauke wani AI mai taimakawa wajen rubuta manhaja, Qwen2.5-Coder 7B, kusan 4.7GB, sai da na jira tsakar dare kafin ya gama sauka wallahi.

Ƙananan abubuwa yana yi min tsaf, regex, canza CSV zuwa JSON, rubuta ɗan test. Amma da na liƙa masa fayil mai layi wajen 400 na ce ya gyara function guda ɗaya kawai sai ya manta abin da ke sama, ya ƙirƙiro sunayen variable da ban taɓa rubutawa ba, jiya ma ya mayar min da kudin_saye zuwa price, komai ya watse.

Na ji ana cewa num_ctx (saitin yawan rubutun da AI ɗin ke iya riƙewa a lokaci guda) ne ya yi kaɗan, na ɗaga shi zuwa 8192, sai laftof ta ɗau zafi, fanka na ta ihu, kalma ɗaya-ɗaya take fitowa. RAM ɗina 8GB ne, babu GPU, kuma idan aka ɗauke wuta batir ba ya kai awa guda.

To in koma 3B ne, wato ƙaramin samfurin wannan AI ɗin, ko in riƙa yanka fayil ɗin ina ba shi gutsure-gutsure? Ko dai in haƙura in shiga Sabon Gari a ƙara min RAM ya kai 16GB? Wanda ya gwada ya faɗa min yadda ya yi.