Auna jami'o'i da tasirin bincikensu kan kasuwanci

Wasu malamai da suka tattauna yadda ake auna jami'o'i da bincikensu sun fi nanata abu guda: yawan maƙaloli ba shi ne tasiri ba. Jerin matsayin makarantun kasuwanci na Jami'ar Texas da ke Dallas mujallun bincike 24 kacal yake ƙirgawa, na jaridar Financial Times kuma 50, duk na Turanci. Binciken da ya sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa samun jari da wuya ya shiga waɗannan mujallu, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Sun ba da shawarar a raba adadin ambato (wato sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikin malaman jami'a) da yawan malamai, kada manyan jami'o'i su danne ƙanana, sannan a cire ambaton da marubuci ya yi wa kansa. Mai neman digirin digirgir kuwa, ya kamata ya fara karanta ayyukan malamin da zai duba aikinsa kafin ya kalli matsayin jami'ar.