Ɗan hakin da ka raina: wane ne hakin a nan?

Na Ƙofar Mata: Salamu alaikum. Jiya gardama ta kaure tsakanina da yayana har muka ɗaga murya, kan damben Turawa na da, wanda ake yi da dunƙulen hannu ba safa. Ya kawo Daniel Mendoza, Bayahuden Landan, mai nauyin kusan kilo 73, wanda ya zama zakaran Ingila a 1792 yana kayar da ƙatti. Wai "ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido". Na ce nan ba gurbinta ba ne. Me kuka gani?

Malam Ƙarami: Yayanka ya fi ka gaskiya. A zamanin nan tsayawa ake yi ƙiƙam ana musayar naushi. Mendoza kuwa sai ya goce, ya tare, ya sako hagu. Richard Humphries ya doke shi a 1788, Mendoza ya rama a 1789, ya ƙara a 1790.

Na Ƙofar Mata: To ai shi ya sa, Malam. Haki tsautsayi ne, iska ke kawo shi. Wanda ya rubuta littafi sukutum kan dabarun dambe ba haki ba ne.

Ɗan Mahauta: Ku ƙarasa labarin mana! A 1795 John Jackson ya damƙi doguwar sumarsa da hannu ɗaya, yana kirɓarsa da ɗayan, kuma doka ba ta hana ba. Hakin da Mendoza ya raina gashin kansa ne.

Uwar Biyu: Allah sarki, kun tuna mini kakata, Allah ya jiƙanta. Tana da wa ɗan dambe, da lokacin girbi ya yi sai ya bi ƙauyuka. Ranar wani wasa ita ta kai masa fura, ta ga zaren da ya naɗe hannunsa ya sassauta. Ta ce, "Yaya, kararka ta kwance." Ya daka mata tsawa, wai me yarinya ta sani. Ana tsaka da karo zaren ya warware, ya sunkuya zai duba, sai ga shi a ƙasa, kiɗa ya tsaya cak. Har ta tsufa in ta faɗi maganar nan sai ta dafa ƙirjinta. Ita ce hakin, ba zaren ba.

Ɗan Mahauta: Allah ya jiƙan Kaka. Akwai masu babbar riga a mazaɓarmu da suka raina kurtun tawada, sai ranar zaɓe ya tsone musu ido.

Malam Ƙarami: Waɗannan ai tabarau suke sawa, ba hakin da ke shiga.

Uwar Biyu: Wai shin wan kakar tawa ma, an ce daga ranar bai sake shan furar kowa ba sai tata.

Na Ƙofar Mata: Amma fa har yanzu ba wanda ya ce mini ko in je in ba Yaya haƙuri.