Idan dam ya saki laka, me zai ceci kifin gulbi?

Ɗan Kabi (Argungu):

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga injiniyoyin ruwa ce da masana kifi. Kowane dam yana tara laka da yashi a cikinsa, kuma komai daɗewa sai an nemi yadda za a rage su. To idan masu dam suka buɗe ƙofar ƙasa wannan laka ta biyo gulbi, me ke kashe kifi a ciki, lakar ce ko wani abu daban? Akwai ma'aunin da ake cewa kada a wuce shi? Sannan wane lokaci ne na shekara ɓarnar ba ta yawa? Ina so ƙungiyoyin masunta da Sarakunan Ruwa su san takamaiman abin da za su nema idan an kira su zama, don kada a tashi taro da "za a duba" kawai. Kainji nake nufi musamman, tunda shi ne babban dam na wutar lantarki da ya taɓa jiharmu.

Injiniya Mafara:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kabi. A fara daidaita taswira tukuna. Kainji, wanda aka kammala a 1968, yana ƙasa da Kebbi ne. Abin da ya saki Jebba yake nufa, ba Argungu ba. Rabon Kebbi da shi shi ne kan tafkin da ya miƙo har Yawuri, kuma can matsalar akasin taku ce: ruwa na rage gudu da ya shigo tafki, sai yashi ya zauna ya yi tsibirai. Ruwan da ke wucewa ta Argungu da Birnin Kebbi kuwa daga Bakolori yake zuwa, wanda aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, da kuma Goronyo na 1984 a kan Rima. Bakolori an sa masa ƙananan injinan wuta, amma ban ruwa ne ainihin aikinsa. Sai kuma Kandaji da Nijar ke ginawa a kan kogin Kwara sama da Yamai, wanda in ya fara aiki mutanen kudancin Kebbi za su zama 'yan ƙasan dam.

Kainji kansa ba a iya wanke shi da ruwa. Wankewa tana aiki ne a tafki siriri mai ƙaramin ciki, wanda za a iya sauke ruwansa har gulbi ya koma gudu a tsohuwar hanyarsa ya kwashi lakar. Tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 130 ba a sauke shi haka ba tare da an kashe wuta ba, kuma buɗe ƙofar ƙasa da tafki a cike ɗan rami kawai take ci a gaban ƙofar, lakar da ke nesa ko motsi ba ta yi.

A dam matsakaici, abin da ya fi sauƙin ɓarna shi ne kada a bar lakar ta zauna tun farko. Lokacin da jan ruwan damina ya taso, a rage tsayin tafki, a buɗe ƙofofin ƙasa ruwan ya wuce da lakarsa, sai a rufe a tara mai tsabta idan ya fara washewa. Haka ƙasar Sin ke tafiyar da manyan madatsunta na koguna masu laka. Mafi muni shi ne a bari ta shekara da shekaru sannan a sake ta rana ɗaya. An gani a Japan: dam ɗin Dashidaira a kogin Kurobe ya tara laka kimanin shekara 6, da aka buɗe shi a ƙarshen 1991 baƙin taɓo mai wari ne ya fito har teku, masunta suka yi ca. Daga baya aka koma yi kusan kowace shekara a lokacin ambaliya.

Maganar ma'auni kuma, wanda aka fi kafa misali da shi na kogin Rhône ne a Faransa, ƙasa da dam ɗin Génissiat. Laka kada ta wuce giram 5 a lita idan an ɗauki matsakaicin aikin gaba ɗaya, kada ta wuce giram 10 fiye da awa 6 a jere, kada ta wuce giram 15 fiye da minti 30. Ka lura kowane adadi an ɗaura masa lokaci, domin kifi na jure laka mai kauri na ɗan lokaci amma matsakaiciya ta kwana da kwanaki tana gama da shi. Yadda ake riƙe adadin shi ne sirki: ana buɗe ƙofar sama mai ruwa garau tare da ta ƙasa. Misali, ƙofar ƙasa na ba da kubik mita 20 a daƙiƙa mai laka giram 30 a lita, ta sama na ba da 100 mai rabin giram. Haɗa 600 (20 sau 30) da 50 (100 sau rabi) ka raba da jimillar ruwan, 120, ka sami giram 5.4 a lita. In ma'auni ya hau, ƙofar ƙasa ake ragewa, ba a rufe duka ba.

Buɗewa da rufewa ma mataki-mataki ake yi. Rufewa farat ɗaya na barin 'ya'yan kifi a kududdufan gefe su bushe. Bayan an gama kuma sai a saki ruwa mai tsabta na kwana ɗaya ko biyu ya ɗauraye gindin gulbi, in ba haka ba lakar ta kwanta a gurabun da manyan kifi ke fakewa da rani.

Malama Hauwa ta Yawuri:

Injiniya ya yi bayani, amma zan ɗan ja da shi a kan "lokacin damina", don damina faɗi gare ta.

Da farko amsar tambayar Malam: sau da yawa ba lakar ce ke fara kisa ba, rashin iska ne. Da bazara tafki mai zurfi yana rabuwa biyu, ruwan sama mai ɗumi da iska, na ƙasa mai sanyi wanda ruɓaɓɓen ganye da ciyawa suka cinye iskar oksijin ɗinsa. Taɓon da ke ƙasa baƙi ne, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma da ya gauraya da gulbi sai ya ci gaba da zuƙe iskar da ya tarar. Ga shi ruwanmu da ma ba ya riƙe iska da yawa: a zafin digiri 30 iyakarsa wajen miligiram 7.5 a lita, alhali a digiri 20 yana kai 9. Yawancin kifi na son 5 zuwa sama. In ta sauka ƙasa da 3 za ka ga sun taso suna haki a saman ruwa, ƙasa da 2 kuwa mutuwa ce. Shi ya sa ban yarda a kwafi adadin Faransa haka nan ba. A ɗauke shi a matsayin rufin da ba a taɓawa, a ƙara masa sharaɗin iska: ta sauka ƙasa da 4, a rage ƙofa nan take.

Ita lakar, aikinta a jan naman nan na ƙarƙashin kunnen kifi ne, inda yake numfashi. Ɗaga kunnen kifin da laka ta kashe, za ka tarar da wurin ya toshe da taɓo da majina, jan ya koɗe. Wanda rashin iska ya kashe kuwa galibi baki a wangame yake, kunnuwa a buɗe.

Kuma kada a auna lafiyar ruwa da tarwaɗa. Tarwaɗa da ramboshi da gaiwa da balli duk suna iya shaƙar iskar sama, za su rayu a ruwan da ya riga ya gama da wasu. Giwan ruwa da tsage su ne ke fara juya ciki. In mai dam ya ce ai ga tarwaɗa nan tana yawo, bai faɗi komai ba.

Yanzu lokaci. Masuntan kogin Kwara sun san ruwa biyu: farin ruwa na damina, wanda ke zuwa da lakar ƙasarmu daga wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa da ke isowa da sanyi daga Gini bayan ya sauke lakarsa a fadamun Mali. Kifinmu ya saba da laka a farin ruwa, don haka nan ne wurinta. Amma ba a tashin farko ba. Ruwan farko da ya hau ciyawa shi ke sa tarwaɗa da dangoginta fita zuba ƙwai. Ƙwan tarwaɗa manne wa ciyawa yake yi, yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma laka siririya ta isa ta shaƙe shi. Balli da yauni sheƙa suke yi da ciyawa a fadama, karfasa kuma rami take sharewa a yashi mara zurfi. Abin da ya dace a nema shi ne tsakiyar ambaliya, bayan ruwa ya riga ya bazu a fadama, 'ya'yan kifi sun yi ƙwari, kuma akwai tafkunan gefe da bakin ƙoramu da za su gudu su fake. Daga Fabrairu zuwa Mayu kuwa a hana sam. Gulbi ya ƙanƙance, ruwa ya yi zafi, kifi ya taru a 'yan gurabu, ba inda za shi.

Abu ɗaya da ba a cika faɗa ba: hana laka gaba ɗaya ma cuta ce. Ita ce takin fadama. Binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori ya nuna raguwar ambaliya ta rage noman shinkafar fadama da kamun kifi.

Ɗan Kabi (Argungu):

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malama. To wa zai yi awon? In mai dam ne zai auna kansa ya ba da rahoto, kun san yadda za ta kaya. Akwai abin da mutanen gari za su iya yi da hannunsu?

Abu Nana (Gusau):

Akwai, Malam, kuma ba tsada. Wuraren awo uku ne mafi ƙaranci: ɗaya sama da tafki don a san yadda gulbi yake da kansa a ranar, ɗaya kamar kilomita 1 ƙasa da dam inda ruwan ƙofofi ya gama gauraya, ɗaya kuma a garin masunta na farko. A ɗebi ruwa daga tsakiyar gulbi a cikin jirgi, a nutsa kwalba kamar rabin zurfi. Ruwan baki-baki ƙarya yake yi, lakarsa ta riga ta kwanta.

Awon laka na gaskiya a ɗakin gwaji ake yi, a tace lita, a busar a digiri 105, a auna. Amma wannan sai gobe, ƙofa kuwa yanzu ake son a rage ta. Dabarar bakin gulbi ita ce kwalba ɗaya mai cin lita 1 daidai da sikeli mai karanta kashi goma na giram. A cika ta da ruwa garau mai zafi ɗaya da na gulbin a rubuta nauyi, sannan a cika da na gulbi har baki ɗaya. Duk giram 10 na laka yana ƙara wajen giram 6 a kan nauyin, don haka ƙarin giram 3 na nufin an kai giram 5 a lita. Kuskuren da ake yi shi ne barin kumfa a wuyan kwalba, ko rashin goge jikinta, ko auna ruwan sanyi da na rana. Na'urar awon iska ta hannu kuma a daidaita ta kowace safiya, a yi awo duk minti 30 idan aiki ya yi zafi, kada a tsallake na asuba, lokacin ne iska ta fi ƙasa. Kowane awo a rubuta shi da lokaci, wakilin masunta da na dam su sa hannu tare.

Mu a Zamfara akwai ƙarin abin dubawa kafin a taɓa kowace ƙofa. Tun abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, bai kamata a saki lakar tafkin da ake haƙa ko wanke zinariya a samansa ba sai an gwada ta. A soka bututu a ciro taɓon daga wurare da dama, sama da ƙasansa, a nemi dalma da zaiba. In an samu da yawa, maganar wankewa ta ƙare. Sai dai a yashe da inji, a zuba a ramin da aka daɓe da yumɓu nesa da gulbi da rijiyoyi, a rufe. Kada a ba manoma ita a matsayin taki.

Gidajen ruwan sha ma a gaya musu da wuri su cika tankuna su rufe bututun ɗiba, don laka mai kauri na toshe matata ta cinye alam. Lissafin isowar ruwa mai sauƙi ne: in yana gudun mita 1 a daƙiƙa, kilomita 86 yake ci a kwana.

Injiniya Mafara:

Na karɓi gyaran Malama a kan tashin farko. Sai dai a sani ruwan farkon nan shi ya fi ɗauko laka daga gonaki, don haka mai dam zai so ya wuce da shi. Sulhun shi ne a bar wannan sabuwar lakar ta wuce yadda ta zo, tunda ko ba dam haka gulbi yake, amma kada a sauke tafki a tono tsohon taɓo sai tsakiyar ambaliya.

A wurin zama, Malam Ɗan Kabi, ku nemi a rubuta waɗannan: watan da za a yi, iyakar laka da ta iska tare da awanninsu, sunan wanda ke da ikon cewa a rage ƙofa da lambar wayarsa, da sanarwar aƙalla mako 2 ta rediyo da bakin Sarkin Ruwa don a kwashe kalli da gura da mamari daga ruwa. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a saurari jama'a kan manyan ayyuka, ku riƙe ta. Bakolori da Goronyo na ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ne, lamarin yankin Kainji kuma akwai HYPPADEC, hukumar raya yankunan da ake samar da wutar lantarki da ruwa, wadda Kebbi ke cikinta. Ƙidayar kifi kafin aiki da bayansa kuwa, cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa ce ta dace a gayyato, a yi da raga iri ɗaya a gurabu iri ɗaya, in ba haka ba ba a iya kwatanta sakamakon.