Wa Ya Ƙwato Ƙudus? A Fito Fili

Bakano Mai Rini:
Salamu alaikum. Yau 2 ga Oktoba, ranar da Salahuddin ya karɓi Ƙudus a 1187 daga hannun Faranjawa, wato Turawan yaƙin gicciye. Amsa-amonmu "wa". Mai ja ya fito.

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
In wasa Salahu, gwanin garkuwa.
Ƙudus shekara 88 tana hannu,
Na Faranjawan da suka zo da tsawa.
A yaƙin Hiɗɗina ya datse hanyar tafki,
Ya sa wuta ciyayi, ga rana, ga ƙishirwa.
Sarkinsu Gai ya sha ruwa mai sanyi,
Arnaɗ, jarmansu, takobi ya sha bayan ruwa.

Ɗan Zazzau:
Bakano ka auna da mudun Kurmi,
Ka tauye rabi, halinku na kasuwa.
Wa ya share gonar? Nuruddin Zangi,
Ya haɗe Halab da Dimashƙa tun da daɗewa.
Ya sa aka sassaƙa mumbarin Aƙsa,
Alhali Ƙudus tana hannun wasu amma bai fid da ran zuwa.
Salahu yaronsa ne, an tura shi Masar,
Ya tsinci dami a kala, kai ke rawa.

Hajiya Mai Alƙalami:
Zazzau ta dara! Bakano, a nemi inuwa.

Baban Ummi:
Wace darawa, Hajiya? Son kai dai, mun san inda kike aure.

Malam Mai Aruli:
Ɗan Zazzau, ɗangonka na shida ya fi hanyar Kano zuwa Zariya tsawo. Bakano ya buɗe da karin waƙa na Mutaƙarab, kai ka shigo mana da sukuwar jaki. Shi ma Bakanon daga ɗango na uku ya fara ɗingishi, kada ya ce na ƙyale shi.

Ɗan Zazzau:
Allah gafarta Malam mai ma'auni,
Kullum gyara, ba ka baiti ko na tsiwa.
Da kai ne a Hiɗɗina ranar gumurzu,
Kana ƙirga kofato, ana ta mutuwa.

Malam Mai Aruli:
Wannan ma ya karye. Kuma rabinsa karin Kamil ne da bai kammalu ba.

Ɗan Wusasa:
Ku bar ni in sa baki, 'yan'uwana,
Ni Kirista ne, ban ga abin yin guɗa ko rawa.
Rundunar gicciye ta 1204,
Ƙusɗanɗiniyya suka yi wa wawa.
Garin Kirista, coci suka kwashe,
Bashin Benis ya hana su Ƙudus zuwa.
Kai ma Bakano, faɗi batun fansa:
Dinari goma namiji, mace biyar, ba ragowa,
Talakan da ya rasa, an kai shi kasuwa.

Bakano Mai Rini:
Ɗan'uwa Wusasa, ka yi gaskiya rabi,
Sauran rabin ka ɓoye shi a rawani kuwa.
A 1099 da suka haura ganuwa,
Musulmi da Yahudu an yanka da yawa.
Rica na Ingila a Akka fa?
Fursuna fiye da 2,000 ya sa aka kashe, kowa na ganewa.

Malam Mai Aruli:
Wusasa ya yi ɗango tara, baitin ƙarshe ƙafa uku gare shi. "Ganewa" kuma cusa ta aka yi don amsa-amo.

Hajiya Mai Alƙalami:
Malam, don Allah ka bar yara su yi waƙa.

Ɗan Damagaram:
Afuwan, kwana biyu ba wuta a unguwarmu. Na ga ana neman Kamil, ga wani na kawo muku.

Malam na neman Kamil cikin baiti,
Ga Kamil Sarkin Masar, ɗan Adil kuwa.
Salahu baffansa, shi ya sha rana,
Shi ko a 1229 ya yi kyautar ban kunya da yawa:
Ya miƙa Ƙudus ga Firedirik, sarkin Turawa, a takarda,
Ba a zare takobi ba, ba a buga kuwwa.
Bakano, dangin gwaninka ke nan,
Ciniki a jini, ashe ku 'yan'uwa.

Baban Ummi:
Kai! Bakano ina kake?

Bakano Mai Rini:
Ina zuwa bayan la'asar, Badamagare, kada ka gudu.

Malam Mai Aruli:
A gaya mini yadda ake rera "1229" a Mutaƙarab tukuna.